Ƙoƙo Mai Ɗinki a Dangar Goggo

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Goggo ta riga mu tafiya ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar marka. Yayar mahaifina ce, don haka ni ke da ikon kiranta Goggo, amma mutanen Azare sun ƙwace sunan daga bakina tun ina yarinya. Har waɗanda suka girme ta haka suke kiranta.

Masu gaisuwa ba su yi mata ƙarya ba, wannan kam na shaida. Wani tsohon wanzami ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma fa ta taɓa bi na da muciya har bakin kasuwa." Wata mata daga Itas tana kuka tana nuna bayan hannunta, wai nan Goggo ta make ta ranar da ta hana ɗanta ruwa. Ba wanda ya ce tana da sanyin hali, don an san da gawar za ta iya tashi, da ta ƙaryata shi.

Bayan an dawo daga maƙabarta sai wani magidanci, ma'aikacin En'e, mai babbar riga da rawani, ya nemi iso ya shigo tsakar gida. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙoƙo da ya yi baƙi saboda tsufa, wanda bai fi tafin hannunsa ba. Ya nufi dangar gabas ya kife shi a kan dirka, ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, "Goggo, ina nan." Ya fita yana share fuska da hannun riga.

Kafin la'asar wasu uku sun kife nasu. Kafin sadakar uku dangar ta cika har ana neman dirka. Maza da mata, wasu da goyo, wasu da furfura ta fara fito musu, kowa da ɗan ƙoƙonsa.

Ni kuwa ina ganin na farko na zauna daɓas a ƙasa. Mata suka riƙe ni suna cewa, "Haƙuri, haƙuri, ai uwa ce ta tafi." Sun ɗauka baƙin ciki ne. Tsoro ne. Wani tsoro ne da na yi zaton na binne shi shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ashe yana nan yana jiran in ga ƙoƙo a kan danga.

'Yata ta fari tana aure a Katagum. Tun ranar rasuwar aka tura mata ɗan aike, kogi kuwa ya cika ya batse, sai an yi fito kafin a haye. Kwana uku, kwana huɗu, ba ta iso ba. Ni kuma ba ni da bakin tambaya. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da shi. Dangin mijina Fulanin Katagum ne, wannan kunya a wurinsu ta fi gaban wasa. Ita ma yarinyar ba ta taɓa ce mini Inna ba, Yaya take kirana. To, sai na zauna ina karɓar gaisuwa, ina satar kallon danga. Abin da ya sa na ɗauko fensir ke nan, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, don kada a manta da matar da ta koya mini wannan kallo.

Wurin da Goggo ta yi aiki ana kiransa Zangon Yara. A bayan ɗakin shan magani yake, can bakin gari, inda gonaki suka fara. Bukkoki ne kamar shida da rumfa ɗaya da bishiyar tsamiya, an kewaye su da danga. Yaran da ciwo ya kayar, aka ba su magani amma ba su da ƙarfin komawa ƙauye, nan ake kawo su da mai jinyarsu. Masu baƙon dauro a bukkokin yamma, masu tari da masu kumburi a na gabas, kuma ba a yarda wani ya leƙa wurin wani ba. Malamin asibiti yakan zo a kan keke da hantsi, ya ɗiga magani a ido, ya shafa wani shuɗi a bakin masu gyambo, ya ba da man kifi, ya hau kekensa ya tafi. Sauran yinin duk na Goggo ne.

Doguwa ce, busasshiya, fuskarta duk zanen agana. Yara kan tsorata ranar farko, rana ta uku kuma sai ka ga suna riƙe da gefen zanenta. Ba ta iya rarrashi ba. In yaro yana kuka sai ta ce, "Yi da ƙarfi, in ji ko da sauran ƙarfi a jikinka." Wanda ya yi shiru shi take tsoro, shi take zama a kansa.

A lokacin, in baƙon dauro ya kama yaro, abin da muka sani shi ne a kulle shi a ɗaki mai duhu, a hana shi ruwa, kada a yi masa wanka, kada ma a ambaci sunan ciwon, sai dai a ce baƙo ya sauka. Goggo ta bi wannan duka ta rushe. Takan yaye asabari da hannunta ta ce, "A buɗe, in ga abin da ake ɓoyewa." Tana tafasa ruwa a babbar tukunya ta bar shi ya huce, ta bi bukka bukka tana ɗura wa yara da ludayi. Kakanni suna tsine mata a ɓoye. Wanzamin nan kuwa da ta bi da muciya, shigowa ya yi zai cire wa wani yaro beli, yaron da ko kuka ba ya iyawa.

Tambayarta ɗaya ce, safe da yamma. Ba ta cewa ya ya jiki, ba ta cewa an samu sauƙi. Sai ta tsaya a ƙofar bukka ta ce, "Ya haɗiya?" In aka ce ya haɗiya, ta wuce gaba. In aka yi shiru, ta sunkuya ta shiga.

Kowane yaro da ƙoƙonsa, ba a haɗawa. Ba ta san baƙi ba, don haka da wuƙa mai zafi take yi musu alama: wannan layi uku, wancan ƙafar kaza, wancan ɗan zobe. In aka gama kunun safe, ko da ludayi ɗaya yaro ya sha, sai ta wanke ƙoƙon da toka ta kife shi a dangar gabas ya sha rana. In yaro ya warke, ta miƙa wa uwarsa ta ce, "Ajiye masa. Ranar da na mutu ya zo ya kife mini shi, in san yana nan." Mutane su yi dariya. In kuwa yaro ya rasu, sai ta taka ƙoƙon da ƙafa ta jefa a murhu, dirkar ta zauna ba komai har sai an kawo wani. Duk wanda ya bi ta hanyar gona da hantsi zai iya karanta labarin Zango a kan dangar nan ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ina da kamar shekara goma sha tara lokacin da aka yaye 'yar tawa ta fari. Kamar yadda aka saba, surukata, wadda muke kira Dada, ta zo ta ɗauke ta zuwa Katagum. Ban raka su ko ƙofar gida ba. Ina daka suka fita, na ci gaba da dakana, har maƙwabta suka yaba.

Wata huɗu bayan nan, ana tsananin bazara, mijina ya shigo da azahar ya tsaya yana magana da bango. Ya ce, "Dada ta zo. Tana Zango." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, shi ma ɗan fari ne ya ɗaure masa baki. Daga baya na tsinci sauran a bakin wata maƙwabciya da ke ba wata labari da ƙarfi don in ji. Baƙo ya sauka wa yarinyar a Katagum, ƙurajen sun fito sun koma, amma ba ta tashi ba. Idanunta sun manne, bakinta ya yi gyambo, ta daina cin komai. Dada ta goyo ta a kan jaki kwana uku har Azare.

Ban yi kuka ba. Na shiga ɗaki na ɗauko ɗan ƙoƙon da nake ba ta kunu kafin yaye. Ya taɓa tsagewa a baki, na ɗinke shi da zare da hannuna, ɗinkin ma bai yi kyau ba. Washegari na jiƙa gero na niƙa gasara, na sa ƙoƙon a kai, na nufi Zango. Ai 'yar ɗan'uwa tana iya kai wa goggonta gasara, ba wanda zai ce komai.

Na yi sallama a ƙofa ban shiga ba, tunda Dada na ciki. Goggo ta fito ta karɓi ƙwaryar, ta ga ƙoƙon, ta juya shi ta dubi ɗinkin. Ta koma ciki da shi. Da na kewayo ta hanyar gona bayan an ɗan jima, sai na gan shi a kife, dirka ta huɗu daga tsamiya.

Haka na yi kwana tara. Kullum in kai gasara, in kewaya, in tsaya kamar ina gyara ɗaurin zane, in ƙirga dirka: ɗaya, biyu, uku, huɗu. In na ga ɗinkin sai numfashina ya dawo, in samu na yini guda. Kafin in isa gida tsoron gobe ya riga ni shiga. Tuwo ba ya wuce mini, in ana magana ba na ji. Ko kukan akuya na ji daga wajen gabas sai in tsaya ina saurare.

Rana ta huɗu dirka ta uku ta wayi gari ba komai. Ƙoƙo mai ƙafar kaza ne a wurin, na wani yaro daga Gololo. Ina tsaye na ga hayaƙi ya tashi daga murhu, na ji wata mata a ciki tana ta maimaita salati da wata irin murya. Tsakanin dirkar nan da tamu bai fi taku ɗaya ba. Na tsuguna a bakin hanya na yi amai.

A ranar Goggo ta leƙo ta saman danga ta kama ni.

Ta ce, "Ke, me kike kallo a nan kullum?"

Na ce, "Ƙadangare ne, Goggo."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "To, ƙadangaren jiya ludayi uku ya sha. Yau biyu."

Na sunkuyar da kai na wuce. Daga ranar haka take ba ni labari, tana kallon wani wuri. Biyu. Biyu. Ɗaya da rabi. Rana ta takwas ta ce, "Ɗaya, shi ma da ɗure." Rana ta tara ba ta ce komai ba, amma ƙoƙon yana nan.

Rana ta goma na kai gasara, wata mai jinya ce ta karɓa, ta ce Goggo tana aiki. Na kewaya. Ɗaya, biyu, uku. Dirka ta huɗu tsirara take. Na sake ƙirgawa daga tsamiya, na ƙirgo daga ɗaya gefen, na bi dangar da hannu ina taɓa kowane ƙoƙo ko an sauya masa wuri. Babu mai ɗinki. Daga ciki kuma hayaƙi na tashi.

Ban san yadda na shiga ba. Na dai san ban yi sallama ba, kuma kallabina ya faɗi a ƙofa ban tsaya ɗauka ba. Murhu na fara nufa, ina tona toka da hannu ina neman ɓallin ƙoƙo. Har yau tabon yana nan a yatsuna biyu.

"In kin gama ƙona hannun, ki juyo."

Goggo ce, zaune a gindin tsamiya, ta miƙe ƙafafu. Ƙoƙon yana kan cinyarta cike da kunu.

Ta ce, "Ba ta mutu ba. Amma in kika koma yadda kika zo, gobe war haka zan taka shi."

Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Jiya ko ɗigo ba ta haɗiya ba. Na wanke shi na kife don kada ki faɗi a hanya, na yi miki ƙarya, ba kuma zan ƙara ba. Na gwada, Dada ta gwada, malamin asibiti ya gwada. Ta datse haƙora. Abu ɗaya na lura. Kullum kika yi sallama a ƙofar can, sai kanta ya juya. Tashi ki karɓa."

Ta ɗora mini ƙoƙon a hannu ta tura ni cikin bukka.

Da ba a ce ita ce ba, da ban gane ta ba. Tana kwance a kan tabarma, kai ya fi jiki, fatar hannunta ta yi yaushi, leɓɓanta shuɗi da maganin asibiti, idanu a manne. Ƙudaje na sauka, ko motsi ba ta yi. Dada na zaune a gefenta da mafici. Tsohuwar ta rame, idanunta sun faɗa, da gani ita ma ba ta ci ba ta sha. Da ta gan ni sai maficin ya tsaya.

Goggo ta ce, "Ɗauke ta ki ɗora a cinya. Ki kira sunanta."

Dada ta ce, "A gabana?"

"A gabanki."

"Haba, Goggo. Mu ba mu gaji haka ba. Yarinyar nan kowa yana yabon kunyarta, kike so ki zubar mata a rana ɗaya? Me za a ce a Katagum? Ba ni ita in sake gwadawa."

Goggo ta ce, "Kwana goma kina gwadawa, Allah ya saka miki. Mutanen Katagum kuwa, in ta mutu za su zo su ce Allah ya ba da haƙuri, su ci gumba su koma. Ke," ta juyo kaina, "kada ki tsaya kina yi mini kallon saniya. Kin ɗauka ban san kuna kiransu a ɗaki in ba kowa ba? Duk kuna yi."

Gaskiya ta faɗa. Lokacin da nake ba ta nono, in na tabbata ni kaɗai ce, nakan sa baki a kunnenta in faɗi sunan a hankali. Na ɗauka daga ni sai Allah.

Na durƙusa na ɗauke ta. Ba nauyi ko kaɗan, jikin kuma zafi kamar dutsen guga. Na ɗebo kunu na kai bakinta, ya bi gefen kumatu ya zube. Na buɗe baki in kira, harshena ya ƙi. Wallahi ya ƙi. 'Yata na mutuwa a hannuna, ni kuma ina jin idon surukata a wuyana, kuma idon ya fi ƙarfina. Wannan ne abin da ban taɓa yafe wa kaina ba.

Dada ce ta cece ni. Ta ajiye maficin, ta juya ta fuskanci jikin bukka, ta ja mayafi ta lulluɓe kanta. Daga cikin mayafin ta ce, "Ni kwana biyun nan kunnena ya toshe. Ko tsawa aka yi ba na ji."

Na sa baki a kunnen yarinyar na faɗa. Ba ta motsa ba.

Goggo ta ce, "Ba gulma na ce ki yi ba. Kira!"

Na kira da ƙarfi, har na ji an yi tsit a bukkar da ke kusa. Na sake kira. A na uku yatsunta suka motsa suka kama bakin zanena, ta juyo da fuska tana laluben ƙirjina, leɓɓan suka rabu kaɗan. Na zuba rabin ludayi. Muka zuba wa maƙogwaronta ido, mu biyu, ta ukunmu tana lulluɓe. Na ga ɗan wuyan nan ya motsa sama ya dawo.

Goggo, wadda ta gani da idonta, ta koma bakin ƙofa ta tsaya yadda ta saba ta ce, "Ta haɗiya?"

Na ce, "Ta haɗiya."

Ta wuce bukka ta gaba.

Kwana goma sha tara na yi a Zango. Tsoro bai sake ni ba ko yini ɗaya, don na ga waɗanda suka fara sha suka koma. Ina nan aka taka ƙoƙo biyu. Na koyi wanke ido da ruwan ɗumi da tsumma, na koyi ɗura ruwa kaɗan kaɗan, na koyi jin numfashin yaro daga bayan zana. Rana ta shida idonta ɗaya ya buɗe. Da ta fara zama, Goggo ta sa aka fito da ita rumfa cikin masu samun sauƙi, inda yara ke rarrafe suna ƙwace wa juna dafaffen ƙwai. Ranar da ta mari wani yaro a kan ƙwai, Goggo ta ce, "Wannan ta warke, ku kwashe ta ku ba ni wuri."

A unguwa an yi da ni. An ce na shiga Zango ba kallabi ina kiran 'yar fari kamar mahaukaciya. Dada kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma duk wanda ya kawo mata sai ta ce ita ba ta ji komai ba. Ta koma da yarinyar Katagum, ni kuma na koma gidan jiya. Ban ƙara kiran sunan ba.

Goggo kuma na yi fushi da ita, fushi na gaske, kusan shekara ban taka Zango ba. Da na je, na same ta tana wanke ƙoƙuna. Na ce, "Goggo, da aikowa kika yi aka kira ni. Kin san abin da na ji a bakin dangar nan?"

Ta ce, "Da na aika, da kin zo?"

Na tsuguna kusa da ita.

Ta ci gaba da cuɗa toka. Can ta ce, "Nawa na fari shekararsa huɗu. Baƙo ya sauka masa, aka kulle shi a ɗaki da kakarsa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin sa yana kira. Yaya yake ce mini, kamar taki. Tun hantsi yake kira har azahar. Surukaina na zaune, ban amsa ba. Da azahar ya daina." Ta ɗauraye ƙoƙon ta miƙo mini. "An yaba mini ƙwarai. Kife wannan a ta biyu."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma sake maganar ba. Sai dai duk lokacin da yarinyar ta zo Azare, Goggo ta nuna ta da baki ta ce mini, "Wace ce waccan?" In ce, "'Yar Dada ce." Ta ce, "Allah ya shirye ki."

Ranar shida da rasuwarta wasu mata suka zo gaisuwa daga Gololo. Ina jin ɗaya tana gaya wa na kusa da ita cewa an ce kwalekwale ya kife a mashigi da mutane, har da mata masu zuwa Azare. Ta hango ni sai ta yi shiru. Na ci gaba da amsa gaisuwa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Bakina na faɗa, hankalina kuwa yana can bakin kogi.

Ranar sadakar bakwai gida ya cika tun da safe, dangin mijina ma sun hallara, ana ta dakan gumba a bayan rumbu. Na tashi kamar zan kewaya, na nufi danga. Na bi ta daga farko har ƙarshe. Layi uku, zobe, ƙafar kaza, wasu alamun da na manta. Na dawo na sake bi, ina taɓa kowanne da yatsun nan masu tabo. Babu mai ɗinki. Na tsaya, ga mata cike da tsakar gida, kowace na iya sanin wani abu, ni kuma da furfurata ina tsaye ina kallon ƙadangare.

Sai na juyo na fuskance su. Na kira sunan da ƙarfi, yadda aka koya mini. Na ce, "'Yata ce. Wa ya ji labarinta? Don Allah wa ya gan ta?"

Taɓarya ta tsaya. Gidan ya yi tsit, wata daga cikin dangin mijina ta rufe baki da mayafi.

Daga bayan rumbu aka ce, "Na'am."

Ta fito, hannunta duk garin gumba, gefen zanenta da busasshen taɓo. Tun da sassafe ta iso, ta wani mashigi daban suka hayo. Kunya ta hana ta zuwa inda nake, ta wuce wurin masu daka, kuma duk gidan ba wanda ya ga ya dace ya gaya wa uwa cewa 'yar farinta ta zo. Ta durƙusa a gabana ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙoƙon.

Na ce, "Me ya hana ki kife shi tun da kika zo?"

Ta ce, "Goggo ce ta hana. Bara da na zo ta ce, in ta mutu in kawo shi, amma kada in kife sai kin kira ni." Ta sunkuyar da kai. "Ta ce in kin ƙi, in koma da abina."

Sau biyu ke nan ta yi mini, na biyun ma tana cikin ƙasa. Na so in yi fushi, kuka ya riga shi zuwa. Na karɓi ƙoƙon, na ƙirga dirka huɗu, na matsar da na wani, na kife shi da hannuna.

Allah ya yi wa Goggo rahama, ya haskaka makwancinta, ya sada ta da yaron da ya kira ta tun hantsi har azahar. Wannan karon ta amsa.